Takardun Ƙasan Akwati

Lahadi, 13 ga Yuli, 2025

Saƙon kulliya, wato kwaleji, ya shigo wayar Babbar, 'yata ta fari, yau da hantsi. Sun ɗauke ta, ɓangaren haɗa magunguna, abin da take so tun tana ƙarama. Minha kuma, rangwamen da suke yi wa masu ƙoƙari, kashi talatin cikin ɗari. Ni da na ji "sun ɗauke ta" har na ɗaga hannu sama, sai na ga fuskarta. Ta ce, "Yumma," haka take kira na, uwa ke nan da Larabci, "talatin ko bakin ƙofa ba ta kai mu."

Babansu ya dawo daga gonar da yake aiki a Awali bayan la'asar, ƙayar dabino duk ta yayyage masa hannu. Ya saurara. Ya ce in rabi ne zai iya, ya riga ya yi magana da mai gonar. Ƙasa da rabi kuwa, kada ya yi mana ƙarya.

Rajista za ta rufe ranar sha huɗu ga Agusta. In ba a ƙara ba, ta zauna a gida.

Litinin, 14 ga Yuli

Casa'in da takwas ta ci a sakandare. Me suke so, ɗari da goma?

Laraba, 16 ga Yuli

Hajiya Aminat ta bene na biyu ta hau da ƙosai. Ta ce ana neman ƙari, ɗan ƙanwarta ya nema a bara an ba shi. Babbar ta ce ta sani, ta hanyar shafinsu ake cikewa a waya. Hajiya ta ce, "Waya? Ke dai yarinya ce." Ta juyo gare ni. " Rakiya, zuwa da kai ya fi aike. Ki ɗauki dabino mai kyau ki je su ga idonki."

Na goyi bayan Hajiya. Shekara ashirin da biyu ina garin nan na Madina, ban taɓa ganin abin da aka samu ba tare da an je an gaida mutum ba.

Hajiya ta ga littafin nan a kan firji ta yi dariya, wai har yanzu ina jinga. Babbar ce fa ta ce in riƙa rubuta layi uku kullum don kada hannuna ya mance. Shekara uku ke nan. Yanzu layi uku ba sa isa ta.

Lahadi, 20 ga Yuli

Mun je. Da ban je ba.

Tun ƙarfe takwas muka tari mota daga unguwar Ƙiblatain, ni rungume da kwalin dabinon ajwa da babansu ya zaɓo ɗaya-ɗaya. Ofishin sanyi kamar cikin firji. Muka zauna awa biyu da lamba a hannu. Matar da ta kira mu sunanta Ustaza Nadiya, baƙa ce kamar mu, amma Larabci zalla.

Na ajiye kwalin a kan tebur. Ta tura mini shi da yatsa biyu, a hankali, ta ce an hana su karɓa. Kunya ta fara kama ni tun daga nan. Na yi abin da na shirya: haya ta tashi, sabunta iƙama, takardar izinin zama, ta mutum huɗu, aikin gona na lokaci ne. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce wannan minhar ba ta mabukata ba ce, ta masu fice ce, lajna ba ta duba aljihu. Lajna su ne mutanen da ke zama su yanke.

Sai ta juyo sosai ta kira ni da irin kiran Larabawa, uwar wance, da sunan yarinyar a baki ƙarara. Kullum in aka yi mini haka kunnena zafi yake yi. Ta ce, "Faɗa mini, da me 'yarki ta fi sauran?"

Me zan ce? 'Yar fari ce. A Kazaure inda na tashi, uwata ba ta taɓa kiran sunan yayana ba har ta koma ga Allah, balle ta yabe shi a gaban baƙo. Bakina ya tafi da kansa. Na ce, "Ba komai, Ustaza. Yarinya ce kamar kowa. Rago ce ma, ko shayi ba ta iya dafawa. Allah ne kawai ya rufa asiri."

Babbar ta buɗe baki za ta yi magana, na ce mata da Hausa ƙasa-ƙasa, "Ke, rufe mini baki, ba a yabon kai." Na ga Ustaza ta ɗan yi murmushi, ta rubuta wani abu. Ta ce za su turo saƙo.

Muka hau mota. Dabinon a kan cinyata, ya koma gida kamar yadda ya fito.

Litinin, 21 ga Yuli

Ta ƙi karyawa. Da na yi magana sai ta fashe, rabi Hausa rabi Larabci, in ta yi fushi haka take.

"Rago? Ni ce rago, yumma? A gaban matar da fayil ɗina ke hannunta?"

Na ce ai kowa ya san ba haka nake nufi ba. Ta ce, "Wane kowa? Nan ba Kazaure ba ce. Nan abin da kika faɗa shi ake rubutawa." Ta ce Asma ƙanwarta in ta ci bakwai cikin goma sai na shaida wa duk bene, ita kuwa shekara goma sha takwas sunanta "ke".

Na ce mata ba ta da kunya.  Ta shiga ɗaki.

Shayin nan ma da na ce, ta fi ni iyawa.

Alhamis, 24 ga Yuli

Saƙo ya zo. An buɗe mata hanyar neman ƙari har zuwa huɗu ga Agusta. Sun jera abin da lajna ke dubawa bayan maki: shahadar gasa, lambar yabo, aikin sa kai. Wai waɗanda suka sami rangwamen kashi hamsin da sittin duk sun haɗa da irin waɗannan tun farko. Ita makin kawai ta tura.

Ta karanta mana a tsaye. Ta ce, ba da faɗa ba, wannan ne ma ya fi ciwo, "Da takarduna ba su ɓata ba lokacin da muka taso daga unguwar Sih." Ta kira makarantarsu, an tafi hutu, sai ƙarshen Agusta.

Ba wanda ke karanta littafin nan, don haka bari in rubuta. Ba su ɓata ba.

Juma'a, 25 ga Yuli

Tana aji biyar aka ba ta takardar farko mai zinare a gefe. Na manna a bango a gidanmu na Sih, ina jin daɗi. Wata maƙwabciya ta shigo ta gani, ta ce, "Kai, wannan yarinya kanta kamar inji!" Babu masha Allah, babu komai. Kwana biyu sai zazzaɓi. Kwana tara tana kwance, har ta daina gane ni. Likita ya ce ƙwayar cuta ce, na ji, amma ni na san abin da na gani.

Tun daga ranar duk takardar da ta kawo sai in karɓa in ce zan adana. Ƙasan akwatin aurena, ƙarƙashin zannuwan da ban ɗaurawa. Da ta girma ta fara cewa tana so ta ɗauki hotonsu ta sa a waya kamar ƙawayenta, duniya ta gani, sai na ce sun ɓata a tashi. Waɗanda ta samu bayan nan ma na bi na ɗauke, na ce wataƙila Asma ce ta yi wasa da su. Asma ta sha faɗa a banza.

Na je Harami yau na yi ta addu'a a ƙara mata. Ina addu'ar ina jin kunya. Ina roƙon a buɗe ƙofa, makullin yana ɗaure a bakin zanena.

Asabar, 26 ga Yuli

Yaran sun tafi gidan gwaggonsu. Na rufe ƙofa na jawo akwatin. Goma sha huɗu ne, duk sun yi warin turaren wuta.

Abin da ban taɓa tunani ba: lokacin da na ɓoye yawancinsu ban iya karatu ba. Ban san me ke ciki ba. Zinare da tambari kawai nake gani. Yau na zauna a ƙasa na bi su da yatsa, harafi-harafi, yadda ta koya mini. Ta ɗaya a ajinsu. Ta ɗaya kuma. Haddar izu goma. Ta biyu a gasar ilimin sinadarai tsakanin makarantun 'yan mata, wannan na maimaita sau uku don in tabbata. Na tuna ranar. Ta shigo da gudu tana haki, na ce ta je ta kwashe shanya.

Tun azahar har la'asar ina zaune. Shinkafa ta kama.

Lahadi, 27 ga Yuli

Na ajiye su a kan katifarta da safe na koma kicin. Ina jiran ihu. Shiru. Can sai ga ta a bakin ƙofa da su a ƙirji.

"Ina aka gan su?"

Na ce ba ganinsu aka yi ba. Na faɗa mata komai, ina kallon tukunya. Da ta zage ni da ya fi. Cewa ta yi, "Na yi ta zaton ba ki damu ba ne shi ya sa suka ɓata." Ta tafi.

Babansu da ya ji, sai da ya cire hula ya sosa kai. "Rakiya, Rakiya. Ke da kika ɓoye wa maye, sai kika ɓoye wa mai rabon." Na ce shi ma ai yana nan lokacin zazzaɓin, shi ya yi ta yawo neman ruwan zamzam da tofi. Ya ce haka ne. 

Na ba Asma haƙuri. Ta ce ita ta ma manta, amma in saya mata askirim.

Talata, 29 ga Yuli

Shafin nan nasu na shaiɗan. Ta ɗauki hoto, ya ce ya yi nauyi. Ta rage, ya ce ba ya karantuwa. Ta kai na goma sha ɗaya, ya fitar da ita, a sake daga farko. Na kira lambar ofis sau shida, wata murya tana ta ce mini in danna ɗaya. Na danna ɗaya har yatsana ya gaji.

Takardu sun shiga daga ƙarshe. Saura gurbin aikin sa kai, fanko. Sai da tambarin wata ƙungiya, wai.

Aikin sa kai! Shekara uku yarinyar nan tana hawa saman bene bayan la'asar, Asabar da Talata, tana koya wa mata bakwai karatu a kan tabarma. Baƙin Larabci don mu iya karanta takardar asibiti da sunan titi, boko kuma don mu rubuta wa 'yan'uwa saƙo da Hausa ba sai mun nemi wani ya ji sirrinmu ba. Ko kwalbar ruwa ba ta taɓa karɓa ba. Amma ba tambari, saboda haka ba a yi ba.

Alhamis, 31 ga Yuli

Babbar ta rubuta wa Ustaza Nadiya, ita kuma ta amsa. In babu tambari, lajna tana iya karɓar wasiƙa daga wanda ya amfana, da hannunsa, da sa hannu.

Na sauka wurin Hajiya Aminat da murna. Ta tsuke baki. "Haba Rakiya. In rubuta wa Larabawa cewa ni da jikoki sai bara na iya alif? Surukaina fa a nan suke aiki." Ita ce mai cewa zuwa da kai ya fi aike. Biyu daga cikinmu sun tafi gida hutu, ɗaya ta koma Yanbu, ɗaya mijinta ya ce kada sunanta ya shiga takardar kowa, ɗaya kuma har yau ba ta wuce rubuta sunanta ba.

Na ƙirga a yatsa na sake ƙirgawa. Ni kaɗai na rage.

Babbar ta ce, "Bari kawai, yumma, ba sai kin yi ba." Yadda ta faɗa, ba ta ma sa rai. Wannan ya fi ɓata mini rai.

Asabar, 2 ga Agusta

Takarda huɗu na yaga. Ta farko duk gaisuwa ce. Ta biyu na sake komawa kan haya da iƙama. Ta uku na ga na rubuta "duk da ba wani abin kirki ta yi ba", hannuna ne ya rubuta, ban aike shi ba.

Wai ni in zauna in jera alherin 'yar fari, a takarda, in kai wa baƙi su karanta a taro. Da Inna tana raye da ta ce na sha wani abu. Kuma in bakinsu ya kama ta fa? Mutum nawa ne ma a lajnar?

Lahadi, 3 ga Agusta

Na gama. Na daina neman yabo, na rubuta abin da ya faru kawai. Na fara da Hausa a nan, sannan na juya da Larabcina na kasuwa. Ban bari ta gyara ba, ban ma bari ta gani ba. Ga shi:

"Ni uwarta ce. Na zo Madina ina da shekara goma sha tara ban san harafi ba. Shekara goma sha tara ina dangwala yatsa a takarda. Na taɓa ba ƙaramar 'yata magani sau biyu maimakon sau ɗaya don ban iya karanta kwalbar ba. Ranar ce 'yata babba, tana da shekara goma sha biyar, ta sayo littafi da kuɗin tararta na makaranta ta zaunar da ni. Na yi mata tsawa sau da yawa, ba ta taɓa rufe littafin ba. Daga ni muka zama bakwai. Wannan rubutun da kuke gani, da kurakuransa, aikinta ne. Na ce muku rago ce. Ba gaskiya na faɗa ba."

Na tofa Falaƙi da Nasi a kan takardar kafin in ninke. Wannan ba ruwan lajna.

Litinin, 4 ga Agusta

Ni kaɗai na je, ba dabino. Ustaza Nadiya ta buɗe ta karanta, ta daɗe a kai, rubutuna kamar tafiyar kaza. Ta ɗago ta kira ni inna da Larabci, ta ce, "Khala, babu sunan ɗalibar." Na nuna mata sama, na rubuta lambar fayil ɗinta, duka lambobi tara, ba kuskure.

Sai ta yi dariya har ta rufe baki. Ta ce, da wata Hausa mai ɗingishi, "Kakata ma haka. Babana har ya yi furfura, 'kai yaro'." Ashe ranar nan ta ji abin da na ce. Ta koma Larabci ta ce ita ta gane, amma sauran mutanen lajna ba su da kaka Bahaushiya, abin da ke takarda shi za su gani. Ta buga tambari. Ba ta yi alkawarin komai ba.

Alhamis, 7 ga Agusta

Shiru.

Lahadi, 10 ga Agusta

Shiru har yau. Kwana huɗu ya rage. Duk ƙarar waya sai in ruga in duba, sai in ga tallan shago ne. Babbar ta yi atishawa sau biyu da safe, na tafa goshinta kafin in san na miƙa hannu. Ta ce, "Mukayyif ne, yumma, na'urar sanyin nan, sanyinsa ya yi yawa." Na kashe shi, muka yi ta gumi, Asma tana ta mita.

Na ji ta tana tambayar wata ƙawarta aikin kanti a waya. Na yi kamar ban ji ba.

Talata, 12 ga Agusta

Hamsin.

Saba'in ta nema. Takarda goma sha huɗu da wasiƙa da zirga-zirga, hamsin cif, ko ɗaya ba su ɗora ba. Da sharaɗi kuma, in makinta ya sauka a zangon farko su janye. Ustaza ta gaya mata a waya cewa da takardun sun zo tun zagayen farko da wata magana ce, yanzu abin da ya rage a kason ke nan. Babbar ba ta so in ji wannan ba, Asma ce ta kawo mini.

Babansu ya ce rabi ya ce, rabi aka ba shi, gobe zai je ya biya na farko. Bana babu zuwa gida ke nan, baɗi ma Allah ya sani. Na fara cewa "da na sani", ya ce in bar shi haka nan.

Ita kuwa ta dafa shayi ta kawo mini ba tare da na tambaya ba. Ta ajiye ta ce, "Ga na rago." Na ce Allah ya shirye ta.

Lahadi, 24 ga Agusta

Yau ta fara. Ƙarfe bakwai saura motar 'yan kulliya ta tsaya a bakin titi. Na yi mata tofi sau uku, ta tsaya ta bari. Ta sauka. Ina juyowa sai ga katin shiga a kan firji, wanda aka ce in babu shi ba a wuce ƙofa.

Na leƙa ta taga. Ta riga ta kai bakin motar, ga mata sun fito, ga ƙarar injin. Na ce "ke!", mata uku suka waiwayo, ban da ita. To me zan yi? Na kira sunanta. Da ƙarfi kuma, har mai shagon ƙasa ya ɗaga kai.

Ta tsaya cak, ƙafa ɗaya a cikin mota. Ta daɗe tana kallon tagar kafin ta taho da gudu. A matakala na miƙa mata, ta riƙe hannuna maimakon katin. Na ce ta sake ni, direba ba ubanta ba ne.

Hajiya Aminat ta ce wai ta ji ni tun daga kicin ɗinta. Ƙarya take, ba haka na ɗaga murya ba. Larura ce kawai, ba wai zan mayar da shi ɗabi'a ba.

Takardar gasar nan na bari ta rataye, ɗaya tak, a bayan ƙofar ɗakinsu inda baƙo ba ya gani.

La'asar ta yi. Bari in ɗora shinkafa, Sundus ta kusa dawowa.